Duna Bai Haukace Ba

Abu ɗaya nake nema a garin nan, kuma ba wani abu mai nauyi ba ne. Yaji mahauci ya tsaya a inda ya tsaya ranar, a bakin rumfarsa ta Kasuwar Shanu, ya buɗe bakin nan nasa ya ce ƙarya ya yi, karena bai haukace ba. Shi ke nan. Ba na son namansa, ba na son gaisuwarsa.

Sunana Yakaka, wasu su ce Ya Kaka, a unguwar Dogo Nini nake zaune. Igiyar rama nake tufkawa, irin wadda ake ɗaure shanu da ita, duk Laraba in kai kasuwa. Mijina Zarami maharbi ne, ya rasu shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ranar rabon gado ƙannensa suka ɗauki bindiga, suka ɗauki buzu, har tsohon takalminsa ba su bari ba. Da aka zo kan kare kowa ya dubi ƙasa. Ɗanmu Gana kuwa tun lokacin yaƙi ya shiga soja. An gama yaƙi, na kowa ya dawo ko an kawo labarinsa, nawa an ce yana can kudu ya yi aure. To, Allah ya ba da zaman lafiya. Gidan ya rage daga ni sai Duna.

Baƙin kare ne mai dogayen ƙafafu, da ɗan fari a ƙirji, kunnensa na hagu a yage tun wata farauta. Kada wani ya zo yana karanta mini hukunci, na san shi. Ba ya shiga ɗakina, kwanonsa daban, in ya lashe ni in wanke. Amma da Ngizimanci Zarami yake masa magana, yaren da muke yi a tsakar gida ni da shi. Da ya tafi, in ban yi da Duna ba, da wa zan yi?

Da na fita takaba na koma kasuwa. Larabar farko na bar shi a gida, ya yi ta kuka har maƙwabta suka aiko mini. Na ce to, mu tafi tare. Kafin mu fita na shiga ɗakin Zarami na sauko da layar karen daga jikin ƙusa. Jar fata ce aka ɗinke layu a ciki, da 'yar ƙararrawa a tsakiya. Shekara da shekaru ina ganin Zarami yana durƙusawa ya ɗaura masa ita a wuya, yana cewa Allah ya tsare. Na ce kasuwa cike take da baƙin karnuka da mugun baki, bari in tsare abina.

Duk wanda ya san Larabar Potiskum ya san ba shanu kaɗai ke zuwa ba. Kowane garke da karnukansa, na Fulani, na Shuwa, ga na mahauta masu jiran tumbi. Duna yana ganin na farko gashin bayansa ya miƙe, ya ja igiya har ya tsaya da ƙafa biyu. Ni kuma in naɗe igiyar a hannu, in shaƙe shi, in zagi karen, in zagi mai karen. Haka muka yi ta yi, kowace Laraba ta fi ta baya muni.

Ranar da abin ya faru, wani jan kare na makiyaya ne ya zo yana shinshina ƙarƙashin teburin Yaji. Hannuna da gumi, igiya ta suɓuce. Kafin in ce wani abu sun haɗu, tebur ya kife, naman rabin saniya yana birgima a ƙasa. Da ƙyar aka raba su da ruwa. Nan Yaji ya hau kan turmin saransa yana ihu.

"Jama'a a kauce! Mahaukacin kare! Ku dubi kumfa a bakinsa!"

"Kumfar igiya ce, makaho!" na ce. "Shaƙe shi na yi!"

"Da shi da tsohuwar duk hauka ɗaya ke damunsu!"

Aka yi dariya. Amma masu dariyar suna yi suna ja da baya. A garin nan in aka ce mahaukacin kare an gama magana, don ba a daɗe ba da wani ya ciji yarinya a unguwar Bolewa, kuma kowa ya ji irin mutuwar da ta yi.

Washegari Bulama Abatcha, mai unguwarmu, ya aiko kirana. Na tarar da Yaji ya riga ni, ya naɗe ƙafa a kan tabarma kamar ango.

"Ya Kaka," in ji Bulama, "mutane sun tsorata. Ki ba da karen nan a fitar da shi bayan gari."

"A fitar da shi a yi masa me? Faɗi sunan abin, Bulama."

Sai ya dubi Yaji.

"Ranka ya daɗe," Yaji ya ce, "kare na maharbi ne. Maharbi ya mutu. Me take farauta, ɓeraye?"

"Da ina farautar ɓera da kai zan fara."

"Ya Kaka!" Bulama ya ɗaga hannu.

Na ce masa mahaukacin kare ba ya shan ruwa, ba ya sanin mai shi, ba ya daɗewa a duniya. A zo a ga nawa yana sha. Ya ce hauka iri-iri ne, kuma karen da ke faɗa wa duk karen da ya gani, wata rana ɗan mutum zai faɗa wa. Daga ƙarshe ya yanke: Larabar ƙarshe kafin azumi in ratsa kasuwa da Duna, daga ƙofa, ta gaban rumfar Yaji, har inda ake loda shanu a mota. In ya taɓa wani kare, a nan za a gama da shi.

"In bai taɓa ba fa?" na ce. "Wannan zai tsaya a gaban mutane ya janye maganarsa?"

"Mu ga Larabar tukuna."

Tun daga ranar ƙofar gidana ta zama kamar ta kuturu. Matan layinmu in sun hango ni sai su ja 'ya'yansu ciki. Wadda nake ara wa turmi ta aiko da shi ta kan katanga. Na daina zuwa kasuwa, igiya ta taru a ɗaki har tana warin rama. In gari ya waye in share tsakar gidan da ba wanda ya taka, in dafa tuwon da ba zan iya cinyewa ba, in zuba wa Duna saura. Na gwada masa duka, na gwada yunwa, na jiƙa masa saiwar da aka ce tana sanyaya zuciya. In na ɗaura masa laya muka leƙa waje, ko karen da ke can ƙarshen layi ya hango sai ya nemi tsinke igiya.

Mutum ɗaya ce ba ta canza hanya ba. Dada, wata Bafulatana mai tallan nono, tsarata ce, kullum da safe ta ƙofata take bi, wata tsohuwar karya tana biye da ita. Ita Dada da "kai" take kiran kowa, mace ko namiji, na gaji da gyara mata na bari.

Wata safiya ta yi sammako. Duna yana kwance a bakin zaure, wuyansa ba komai, yana gwaguyar ƙashi. Sai ga su. Ya ɗaga kai, ya dubi karyar, ya shinshina iska, ya ci gaba da ƙashinsa. Ni ko ban tsaya lura ba, na ruga ɗaki in ɗauko laya kafin masifa ta auku. Ƙararrawar tana yin ƙara ya zabura ya miƙe. Ina gama ɗaurawa ya yi wani gurnani da ya sa karyar ta shige bayan Dada.

Dada ta sauke ƙwaryarta a hankali.

"Ya Kaka, cire wannan abu."

"Ke, tsarinsa ne."

"Cire dai mu gani. Kai ba ka da ido ne? Yanzu-yanzu yana kwance kamar ɗan maraƙi."

Na cire don in ƙaryata ta. Na kai layar ɗaki na dawo. Ya ɗan jima yana haki yana zagaye, sannan ya koma ya kwanta, idonsa dai na kan karyar.

"Maigidanka yaushe yake sa masa?" ta tambaye ni.

Na buɗe baki zan ce kullum, sai na rufe. Ba kullum ba ne. Zarami bai taɓa ɗaura masa ita don zaman gida ko zuwa gona ba. Sai safiyar da aka buga gangar farauta. Kuma sau nawa yana ba ni labari, yana dariya yana cin tuwo, cewa in nama ya faɗi a daji karnukan garuruwa ne ke rufuwa a kansa, wanda karensa ya riƙe shi ne mai nama. A nan kunnen Duna ya yage. Ni mace ce, ban taɓa taka dajin farauta ba. Durƙuson kawai nake gani, da addu'ar. Ashe duk Larabar duniya ni nake gaya wa Duna cewa yau ranar ƙwace ce, duk baƙon karen da ka gani naman ubangidanka ya zo ɗauka.

Ranar ban tufka ko taku ɗaya ba. Na zauna a ɗakin Zarami da layar a cinyata. Har yanzu fatar tana ƙanshin hayaƙi da guminsa. Na yi masa faɗa sosai. Na ce kai da ka iya surutu a kan zomo da gada, ka rasa ranar da za ka ce mini Yakaka, wannan ba ta zaman gari ba ce? Ka tafi ka bar ni da kare da rabin bayani. Ba wanda ya amsa, sai kajin maƙwabta.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da na fita da shi ba laya, ya yi sauƙi, amma kasuwa ta riga ta koya masa hali. In kare ya matso sai ya ƙame. Dada ta tsaya tana kallonmu, ta girgiza kai.

"Akwai wata layar kuma."

"Ina?"

"Hannunka da bakinka. Kare bai gama ganin kare ba, kai ka riga ka naɗe igiya, ka fara zagi. Shi kuma ya ce to, uwar gida ta fara yaƙi, bari in taya ta."

"Wato ni ce mahaukaciyar, ko? Ke ma kin bi Yaji?"

"Ni nono nake sayarwa," ta ce. "Gobe ka fito da igiya mai tsawo."

Na tufka sabuwa, doguwa, mai laushi. Muka fara a hanyar gonaki, inda ba jama'a. Dada da karyarta a wancan gefen, can nesa, ni da Duna a wannan, duk muna fuskantar gaba, ba mai tunkarar wani. Igiya a sake har tana jan ƙasa. In ya dubi karyar ya waiwayo ya dube ni, in ba shi ƙanzo da na shafa wa man shanu. In ya ƙame, ba ja, ba tsawa, sai in juya mu ƙara nisa har jikinsa ya saki. Kullum tazarar tana raguwa kaɗan. Akwai safiyar da na yi gaggawa na matsa da yawa, ya yi kukan kura, muka koma kamar ba mu taɓa farawa ba. Na zauna a kan kunyar gona na ce na gaji. Dada ta ce, "To, ka kai musu shi yau, ka huta." Na tashi.

Ranar da suka jera shi da karyar, kafaɗa da kafaɗa, suna shinshinar ciyawa ɗaya, ban ce komai ba, don kada in ɓata.

Daga nan sai rugarsu Dada, inda karnuka suke da yawa kuma ba su san shi ba. Mukan tsaya a gindin wata tsamiya daga nesa, su yi ta haushi, ni ina yi masa magana ƙasa-ƙasa da yarenmu. Ba wata magana ba ce, labarin gida ne: rufin ɗaki na yoyo, gero ya kusa ƙarewa, Gana bai aiko ba. Muryar yake saurara. Ni kuma, gaskiya, na samu mai ji. Bayan rugar muka riƙa zuwa bayan kasuwa ranakun da ba ta ci, sannan ranar da take ci, daga can inda motoci ke juyawa.

Abin da ya fi ba ni wuya ba karen ba ne. Yara su bi mu suna "mai mahaukacin kare", in haɗiye. Ni da tun ina budurwa ba a taɓa gaya mini ɗaya ban mayar da uku ba.

Larabar ta zo. Na shiga ɗakin Zarami na tsaya a gaban layar. Zuciyata tana cewa yau ce ranar da ya fi bukatar tsari, yau za ki fitar da shi wuya tsirara? Na taɓa fatar, na bar ta a ƙusarta, na ja ƙofa.

Bulama yana jira a ƙofar kasuwa, tare da wani ƙato riƙe da kulki. Ba wanda ya gaya mini aikin kulkin, ba na kuma bukata. Mutane sun yi layi hagu da dama kamar za a wuce da amarya. Dada tana can cikin mata masu nono, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce in ta kalle mu zan rikice.

Muka shiga. Ƙaton yana bayanmu, ina jin takunsa. Karnukan wani garke suka taso suna haushi, Duna ya dube su, ya dube ni, na ba shi ƙanzo. Muka wuce dillalai, muka wuce masu gishirin shanu. Igiya tana jan ƙasa, hannuna yana ƙaiƙayin ya naɗe ta.

A gaban rumfar Yaji sai ga jan karen nan, shi dai, a kwance ƙarƙashin tebur. Ban ce Yaji ne ya kira shi ba, Allah ne ya sani. Amma abin da ya yi bayan nan, idon kowa ya gani.

"Iya, sannu da kiwo!" ya ce. "Yau an sha magani ne, ke da shi?"

Na zuba wa Duna ido.

"Af, yau bakin ma ya mutu? Bari in yi wa baƙo sadaka."

Ya yanko guntun huhu ya jefa, ya faɗi daidai tsakanin karnukan biyu.

Jan karen ya miƙe. Duna ya ƙame, gashin bayansa ya tashi tun daga wuya har wutsiya. Nama a ƙasa, baƙon kare a kansa, abin da aka haife shi a kai ke nan. Na ji ƙaton ya gyara tsayuwa. Zagin da ya taso mini ya cika bakina har ina jin ɗacinsa, na uwar Yaji, na kakarsa, na wanda ya koya masa riƙe wuƙa. Na san in ɗaya ya fita, Duna ya mutu.

Na ƙara sakin igiyar. Na juya wa rumfar kafaɗa, na kalli wajen motoci. Na kira sunansa a hankali, na faɗa masa da yarenmu abin da Zarami yake faɗa in an tashi daga daji, wato a tafi gida.

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan kunnen nan yagagge ya juyo, kansa ya biyo. Jan karen ya sure huhun ya shige ƙarƙashin tebur. Duna yana kallo aka ɗauke nama a gabansa, karen Zarami, wanda ba a taɓa ƙwace wa ko ƙafar zomo ba. Na ba shi duk ƙanzon da ya rage. Ban san me ya sa idona ya cika ba, haushi ne ko mene ne.

Muka kai wajen lodi. Ya kwanta a inuwar wata mota yana haki, wani kare ya zo ya shinshina shi ya wuce.

"To," in ji Bulama, "kare lafiyarsa ƙalau. A bar mata abinta."

A hankali ya faɗa, daga ni sai ƙaton sai wani direba muka ji.

"Saura Yaji," na ce. Ni ma a hankali, don Duna na gefena, karnuka ko'ina.

"Haba Ya Kaka. Ba kin samu karenki ba?"

"A gaban kasuwa ya faɗa. Kuma ka ga abin da ya jefa."

"Ki yi haƙuri, azumi ya zo." Wani ya kira shi kan rigimar wani bijimi, ya tafi.

Na kai Duna gida na ɗaure, na zuba masa ruwa, na dawo ni kaɗai da bakina cike. Na tarar an wanke tebur an kife, Yaji ya tashi. Masu kallon ɗazu kowa yana cinikinsa. Na tsaya a gaban rumfar da ba kowa, har wata mai gyaɗa ta tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Shi ya sa na sauya wurin zama. Yanzu duk Laraba a gaban rumfar Yaji nake shimfiɗa igiyoyina, hanya ce kawai tsakaninmu. Duna ya kwanta a gefena, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, karnukan duniya su yi ta wucewa. Ba na cewa komai. Yaji ya yi ta sara yana kallon ko'ina ban da wajenmu. Bayan salla ya jefo wa Duna ƙashi mai nama, na ɗauka na mayar masa kan tebur.

"Ba ƙashi na zo karɓa ba," na ce.

"Iya, ba a wuce wurin nan ba?"

"Kai ka wuce. Ni ina nan."

Makiyaya sun dawo sayen igiya. Matan layinmu har yanzu wasu suna jan 'ya'yansu, don su ihun Yaji suka ji, ba su ji abin da Bulama ya faɗa a bayan mota ba. Dada ta bi shanunsu sun yi kudu da rani, ta ce sai damina in da rai.

Layar tana nan a ƙusarta. Na cusa tsumma a cikin ƙararrawar, don in iska ta shigo ta taga ta kaɗa ta, Duna yakan tashi ya je bakin zaure ya tsaya yana kaɗa wutsiya, yana duban hanya. Sai na fita na kira shi sannan yake dawowa.